Littafin da Ake Naɗewa Cikin Ɗankwali

Tun da asuba, a ƙauyukan masu bi na kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Maguzawa, ƙarar ƙarfe ce ke tashin mutane. Sau da yawa ba ƙararrawar kanti ba ce, tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya kusa da majami'a. Da an kaɗa shi, sai ka ga fitilu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata, za shi addu'ar safe. Ba a daɗewa. A rera waƙa ɗaya, dattijo ya buɗe aya, a yi addu'a, kowa ya kama hanyar gona da abin da zai yini yana tunawa.

Cikakken Littafin ya fito da Hausa a 1932, bayan aikin shekaru da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya jagoranta tare da abokan aikinsa. Daga nan ya zama littafin kabilu masu yawa, domin Bajju da Angas da Tangale da Bura duk da Hausa suke haɗuwa a sujada, ko a majami'un ECWA, ko na COCIN, ko na EYN. Kakanni da dama saboda shi suka koyi baƙi da wasali, don a wurare da yawa sai mai neman baftisma ya iya karatu kafin a kai shi rafi.

Amma wanda yake son ganin ƙarfin Kalmar Allah, ya dubi tsofaffin Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a. Za ka tarar da tsohuwar da idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, amma Littafinta na naɗe cikin ɗankwali mai tsabta, ba ta yarda a ajiye shi a ƙasa. Bangonsa ya yage an ɗinke da zare. A shafin farko akwai ranakun haihuwar 'ya'yanta, a tsakiya katin baftisma da ya yi ja don tsufa. Da yamma takan kira jikanta ya karanta mata, in ya tsallake kalma ɗaya sai ta tsai da shi, ta gyara masa da ka. Ranar taron zumunta kuwa, ayar da ta haddace ita ce za ta koma waƙa a bakin mai ba da waƙa, tulu na amsawa da gum-gum, mata na rangaji cikin zane iri ɗaya.

Kowane hali da ayarsa. Mai tafiya ana karanta masa Zabura ta 121 kafin ya hau mota. Daren da gari ba lafiya, iyali kan taru a ɗaki ɗaya kan Zabura ta 91. A gidan makoki, masu zuwa gaisuwa ba sa zuwa hannu wofi, sai wani ya buɗe wurin da zai sanyaya zuciyar masu rashi.

Akwai abin da har yau ake muhawara a kai. Wasu kan sa Littafin ƙarƙashin matashin kai don maganin mugun mafarki, ko su buɗe shi a gefen jariri. Fastoci da yawa suna tsawatawa, suna cewa wannan mai da shi laya ne, ikon yana cikin ji da aikatawa, ba cikin takarda ba. Tsofaffin kan saurara da ladabi, su ce sun ji, amma da dare Littafin na nan inda ya saba kwana. Haka ma batun juyin Littafin zuwa Hausa. Da sabon juyi ya fito, kusan shekara hamsin bayan na farko, Matta ya koma Matiyu, Yohanna ya koma Yahaya. Har yanzu akwai dattawan da ba su yarda su saki tsohon ba, don da kalmominsa suka haddace ayoyinsu.

Yanzu dai waya ta shigo. Matashi kan latsa sau biyu ya sami aya kafin fasto ya rufe baki, kuma wanda bai iya karatu ba yana iya sauraro. Alheri ne, babu musu. Sai dai gasar buɗe aya ta makarantar Lahadi, inda yara ke ɗaga littafi sama suna jiran malami ya faɗi wuri, tana ja da baya, hadda ma ta ragu. A birane Turanci na ture Hausa daga bagade.

Iyaye masu bi, ku mayar da karatun yamma cikin gidajenku, ku sa yara su karanta da ƙarfi a gaban kakanninsu tun suna nan da rai.