Kiɗan da Jimi Hendrix ya bari a kan tef

Jimi Hendrix, baƙar fatar Amurka da masana kiɗan rok da dama ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen jita, kundin waƙoƙi uku kacal ya kammala a sutudiyo: Are You Experienced da Axis: Bold as Love a 1967, sai Electric Ladyland a 1968. Na huɗu, Band of Gypsys, a gaban 'yan kallo aka naɗe shi, ya fito a 1970. A wannan shekarar, ranar 18 ga Satumba, ya mutu a Landan yana ɗan shekara 27. Amma faya-fayan da aka fitar da sunansa bayan an binne shi sun ninka waɗanda ya gani da idonsa sau da yawa, kuma har yau ba a daina tono ba.

Dalilin wannan yawa yana cikin yadda yake aiki. An haife shi a Seattle a 1942, bahago ne, yakan juya jitar 'yan dama ya sake jera tsirkiyoyinta ta dace da hannunsa. Ya yi shekaru yana kiɗa a bayan mawaƙa irin su Little Richard kafin furodusa Chas Chandler ya kai shi Landan a 1966, inda tauraronsa ya haska. Da kuɗi suka zo, sai ya mai da sutudiyo gidan kwana. A 1969, a Record Plant da ke New York, yakan shigo da tsakar dare da duk makaɗin da ya haɗu da shi a kulob, a kunna tef a bar shi yana juyawa har asuba. Waƙa ɗaya sai a maimaita ta sau goma, sau ashirin, ko fiye. Kuɗin hayar ya yi yawa har ya ga gara ya gina nasa, wato Electric Lady, wanda aka yi bikin buɗe shi a Agustan 1970, makonni kaɗan kafin mutuwarsa. Ya bar tulin tef: waƙoƙi kammalallu, waɗanda aka kai rabi, da hirar kayan kiɗa da ba ta da kai ba ta da gindi.

Ba kaset na aljihu ake nufi da tef a nan ba. Zare ne mai faɗi naɗe a kan faranti, an raba shi layi-layi, huɗu ko takwas ko goma sha shida. Ganga tana da layinta, jita nata, murya nata. Daga baya injiniya ke haɗa su ya fitar da waƙa guda. Wannan tsari yana nufin ana iya kashe layin mai ganga a ɗora wani, a bar jita yadda take. Rigimar da ta biyo bayan mutuwar Hendrix kusan duk daga nan ta taso.

Tef kuma abu ne mai rauni. A 1967 Hendrix ya manta tef ɗin ɓangaren farko na Axis a cikin tasi a Landan, ba a sake ganinsa ba. Shi da Chandler da injiniyansa Eddie Kramer suka kwana suna sake haɗa waƙoƙin, amma ɗaya, If 6 Was 9, ta ƙi fita yadda take a da. Aka yi sa'a Noel Redding, mai kaɗa masa jitar bas, yana da kwafinta a gida, sai dai zaren ya yamutse. Da dutsen guga aka miƙar da shi.

Cin kasuwa da sunansa ya fara tun yana raye. A 1965, lokacin ba shi da ko sisi, ya sa hannu a wata yarjejeniya da furodusa Ed Chalpin a kan dala ɗaya da kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki. Da ya shahara, aka kwaso tsofaffin waƙoƙin da ya yi wa mawaƙi Curtis Knight kiɗa aka fitar, da sunansa da hotonsa a gaba kamar nasa ne. Band of Gypsys ma don a kashe shari'ar da ta taso daga wannan yarjejeniya aka yi shi.

Hendrix bai bar wasiyya ba, gado ya faɗa hannun mahaifinsa Al, mai aikin lambu, wanda bai san kan harkar waƙa ba. Da farko manajan marigayin, Michael Jeffery, shi ke juya akalar tef ɗin. Kramer da mai ganga Mitch Mitchell suka tattara waƙoƙin da suka fi kusa da kammaluwa suka fitar da The Cry of Love a 1971, aiki mai mutunci. Rainbow Bridge da War Heroes suka biyo baya, sannan Loose Ends, wanda sunansa ma ya nuna an kai ga ƙanzon tukunya. Jeffery ya mutu a haɗarin jirgin sama a sararin Faransa a 1973.

Daga nan tef ɗin suka koma hannun furodusa Alan Douglas, wanda ya riƙe su kusan shekara ashirin. A 1975 ya fitar da Crash Landing da Midnight Lightning. A yawancin waƙoƙin ya cire kiɗan abokan Hendrix, ya kawo makaɗan haya da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba, suka ɗora ganga da bas, har da ƙarin jita da amshin mata. A Crash Landing ya sa sunansa a matsayin wanda ya taya rubuta waƙoƙi biyar. Hujjarsa ita ce kiɗan na asali bai nuna ba, ba zai sayu ba. Kasuwa ta gaskata shi, domin Crash Landing ya shiga goma na sama a Amurka. Masoya Hendrix kuwa ba su yafe masa ba, kuma suna da gaskiya: Hendrix makaɗi ne mai sauraron abokin kiɗansa yana ba shi amsa nan take, don haka in an cire wanda yake amsa wa, an bar shi yana magana shi kaɗai. Adalci dai shi ne a ce kundin Blues na 1994, wanda shi ma a zamanin Douglas ya fito, yana cikin mafi kyawun abin da aka haƙo.

A gefe guda kasuwar bayan fage tana ta ci. Wani ya ɓoye rakoda a cikin riga ya shiga wasa, wani ma'aikacin sutudiyo ya kwafi tef, wani ya naɗa daga rediyo, duk a buga a faifai a sayar ba da izini ba. Akwai wanda ya yi suna, naɗin wani dare a kulob ɗin Scene na New York a 1968, inda ake jin mawaƙi Jim Morrison a buge yana ihu a kan kiɗan. An sake buga shi da sunaye iri-iri, mai saye ya ɗauka sabo ne, ya je gida ya tarar tsohon da yake da shi ne.

Al Hendrix ya kai ƙara a 1993 don karɓo haƙƙin waƙoƙin ɗansa, da tallafin kuɗin Paul Allen na Microsoft, ɗan garinsu kuma mai son kiɗan Jimi. A 1995 haƙƙin ya dawo wa iyali, suka kafa kamfanin Experience Hendrix, wanda Janie Hendrix, 'yar riƙon Al, ke shugabanta. Aka dawo da Kramer. A 1997 suka fitar da First Rays of the New Rising Sun, waƙoƙi 17, ƙoƙarin gina kundin da Hendrix ke kai lokacin da ajali ya riske shi, bisa jerin sunayen da ya rubuta da hannunsa. Jerin ba ɗaya ba ne, saboda haka wannan ma kintace ne, amma na wanda ya zauna da shi a bakin aiki. A 1998 suka buɗe Dagger Records don fitar da naɗe-naɗen da sautinsu bai kai na kasuwa ba, suka ƙwace cinikin daga hannun 'yan satar fasaha. Valleys of Neptune ya zo a 2010, People, Hell and Angels a 2013, inda ya hau mataki na biyu a jadawalin Billboard shekara 43 bayan mutuwar mai shi, sai Both Sides of the Sky a 2018. Su ma ba su kuɓuta daga ɗinki ba. Waƙar Valleys of Neptune kanta haɗin zama biyu ce, na 1969 da na 1970, sai dai hannuwan da ke ciki na abokan aikinsa ne, kuma an rubuta a takardar faifai abin da aka yi. Mai neman Hendrix tsantsa, wasanninsa na dandali sun fi masa, kamar Songs for Groovy Children na 2019, wanda ya tattara wasanni huɗun da aka tsamo Band of Gypsys daga ciki.

Akwai kuma abubuwan da suka daɗe a kulle. Fim ɗin wasansa na Royal Albert Hall na 24 ga Fabrairu, 1969, shari'a ta riƙe shi shekara hamsin, sai a 2019 aka haska shi a wannan zauren. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne Black Gold. A farkon 1970 Hendrix ya zauna a ɗakinsa a Greenwich Village, shi kaɗai da jita marar lantarki, ya rera waƙoƙi 16 a jere a kan tef, ya miƙa wa Mitchell don ya tsara musu ganga. Mutuwa ta gitta, Mitchell ya ajiye ya manta, masu bincike suka ɗauka an sace. Sai a 1992, da mai tattara tarihin Hendrix Tony Brown ya je hira da shi, aka gano tef ɗin a gidansa, ɗaure da ƙyallen da Hendrix ke ɗaurawa a goshi, an rubuta BG a jiki. Mitchell ya mutu a 2008. Waƙa ɗaya, Suddenly November Morning, ta fito a akwatin West Coast Seattle Boy a 2010. Sauran tef ɗin yana ajiye.