Wa Zai Yi Jinyar Tsoho A Gida? Hanyar Japan Da Ta Jamus

Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ya yi masa wanka, ya tashi cikin dare ya juya shi don gudun gyambo, ya san cewa wannan ɗawainiya ta shekaru ce. Makon nan za mu duba yadda ƙasashe biyu suka kafa inshora ta musamman don irin wannan jinya, da inda suka saɓa wa juna.

A shekarar 1973 Japan ta mai da magani kyauta ga tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama. Sai asibitoci suka cika da tsofaffin da ba magani suke bukata ba, mai kula da su ne babu a gida. Wannan na cikin abin da ya sa aka yi doka a 1997, ta fara aiki a watan Afrilu na 2000. Duk wanda ya kai shekara 40 wajibi ne ya riƙa biyan kuɗin inshora, haraji kuwa ya ɗauki rabin nauyin. Idan tsoho mai shekara 65 ko fiye ya kasa, ƙaramar hukuma za ta auna gwargwadon rauninsa, ta ajiye shi a ɗaya daga matakai 7. Sa'an nan a tsara masa mai zuwa gida don wanka da abinci, ko gidan yini, ko aron keken guragu da gadon jinya. Galibi shi zai biya 10 bisa 100 na kuɗin, mawadata kuma 20 ko 30.

Jamus ta riga Japan, don tun 1995 tata ta fara aiki. Amma ita ta bar wa tsoho zaɓi, watau ko a aiko masa ma'aikata, ko a ba shi kuɗi a hannu ya saka wa danginsa masu jinyarsa, ko kuwa ya haɗa biyun. Har kuɗin fansho ana zuba wa ɗan'uwan da ya duƙufa ga jinyar. Fiye da 80 bisa 100 na masu bukatar kulawa a can a gidajensu ake jinyarsu.

Japan kuwa da gangan ta ƙi ba dangi kuɗi. Dalili shi ne, bisa al'adarsu matar babban ɗa ita ce nauyin yakan faɗa wa, aka ji tsoron kada kuɗin ya zama igiyar da za ta ƙara ɗaure ta ita kaɗai. Duk da haka, wajen mutum 100,000 ke barin aikinsu kowace shekara don jinyar nasu. Matsakaicin abin da tsoho ke biya a wata ya tashi daga yen 2,911 a 2000 zuwa 6,225 a 2024. Ma'aikata kuma sun yi ƙaranci, har tun 2008 aka fara ɗauko su daga Indunisiya.

To, mai hankali zai lura cewa hanyoyin nan biyu ba su sauke wa 'ya'ya hakkin iyaye ba, sun dai yarda cewa shi ma mai jinya yana da nasa hakkin: ya huta, ya yi barci, kada sana'arsa ta mutu. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka wanda yake da tsoho kwance a gida, ya bar lissafin kuɗin maganin da yake aikawa, ya tambayi kansa: wace ce ke tashi cikin dare, kuma yaushe rabon da wani ya karɓe ta?

Allah ya ba mu ikon sauke hakkin iyayenmu, ya sa mu gama da su lafiya. Wassalam.