Ina Man Giyar Yake Tafiya?

Motar Mercedes-Benz SL500 ce ƙirar 2003, mai ƙofa biyu, wadda rufinta ke naɗewa ya shige but. Wani matashi ɗan kasuwar Kantin Kwari ya saye ta tokumbo, injinta mai silinda 8 garau, ba hayaƙi ba ƙara. Sai dai da safe ta tashi lafiya, amma da ta ɗauki zafi a cunkoson titin Murtala Mohammed sai giya ta maƙale a lamba biyu. A taka totur inji ya yi ta ihu, mota na jan ciki. Wani lokaci in an kashe an sake tayarwa ta saki, wani lokaci ta ƙi.

Fetur aka fara zargi, don mutane ba su manta da gurɓataccen man da ya lalata motoci a farkon 2022 ba. Aka juye tanki, aka canja filogi, aka sa sabon batir. Ba abin da ya sauya. Da aka sa ta a kwamfuta ta nuna matsala a na'urar auna gudun giya, nan take aka yanke hukunci cewa giya ta mutu, a je Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a nemo ta Beljiyam. Har an fara ciniki.

Wani dattijon makanike a Fagge ne ya taka wa cinikin birki. Ya ce, "Alhaji, giyar da ta mutu ba ta warkewa don an kashe mota an tayar. A bar min ita ta kwana."

Ya fara da auna man giya, abin da ba wanda ya yi a baya, kuma da dalili. Irin wannan giya mai lamba biyar, wadda Mercedes ke kira 722.6, ba ta zuwa da sandar awo. Bututun a rufe yake, domin da farko kamfanin ya ce man ba ya bukatar canji har abada, sai daga baya ya dawo ya ce a canja shi a wajen kilomita 60,000. Da sanda ta musamman ake aunawa, kuma sai mai ya yi zafin digiri 80. Dattijon ya auna, ya tarar mai ya ragu, ya kuma yi duhu maimakon ja.

To ina ya tafi? Mai motar ya rantse bai taɓa ganin ɗigo a ƙofar gidansa ba. Aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, gari ya waye kwali a bushe. Aka duba ruwan lagireto, don akwai motocin Mercedes na wannan zamanin da man giya da ruwa ke haɗuwa ta nan. Ruwa tsaf.

Sai aka hau da ita kan rami aka cire murfin ƙasa. A gefen dama na giyar akwai soket mai ƙafa 13, inda wayoyi ke shiga cikinta. Ƙura ta yi masa dunƙule, kuma ƙurar a jiƙe take. Ashe zoben robar da ke toshe wurin ya bushe ya saki, abin da ke tsatsowa ƙurar Kano da murfin suna shanyewa kafin ya kai ƙasa. Rabin amsa ke nan. Amma ɗan wannan ragin bai isa ya rikita mota haka ba.

A nan ne na fi jinjina wa dattijon, don da wani ne da ya canja roba ya karɓi kuɗinsa. Shi kuwa ya zare soket ya ga mai kwance a cikin ƙafafunsa, ya kira mai wayarin ya ce, "Bi min wayar nan har inda ta ƙare." Ta ƙare a kwamfutar giya, can cikin jikin mota, nesa da duk inda mai ke bi. Da aka buɗe akwatinta, sai ga man giya a kan allonta.

Mai ya hau ne ta tsakanin siraran zaren tagulla da ke cikin wayar, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Tsohon mai kuwa yana ɗauke da garin ƙarfe da na kuloci, sai ya riƙa dagula saƙon da ke tsakanin giya da kwamfuta. Idan kwamfutar ta ji saƙon da ba ta yarda da shi ba, sai ta kulle giya a lamba biyu don kada ta ci kanta. Wato maƙalewar nan kariya ce. Da an ɗora giyar Beljiyam, da ta tarar da wannan jiƙaƙƙiyar waya da wannan kwamfuta, ciwon ya dawo.

Aka sa sabon soket da robobinsa, aka wanke waya da kwamfuta da maganin wanke lantarki aka bar su suka bushe, aka canja mai da filta da irin wanda kamfanin ya ƙayyade, aka goge tsofaffin lambobin matsala. Giya ta koma shiga ɗaya har biyar. Soket ɗin bai kai kuɗin taya ɗaya ta motar ba.

Duk mai shirin sayen Mercedes mai irin wannan giya, kafin ya biya ya sa a hau da ita kan rami, a zare soket ɗin nan a gabansa ya ga ko a bushe yake.