Motar Ƙungiya Ɗaki Ce: Gyaran Da Za Mu Iya Yi Da Hannunmu

'Yan'uwa manoma, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota wadda ake ƙerawa musamman domin a zauna a cikinta. Tana da gado, da wurin dahuwa, da tankin ruwa, da fitila. A Jamus, kamfanin Westfalia ya soma mai da motar Volkswagen ɗakin kwana tun 1951. A Amurka kuwa kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fito da tasa a 1966. Da yawa daga cikin masu irin waɗannan motoci su suke yi musu ƙananan gyare-gyare da kansu, gama ladan bakanike a can yana da tsada ƙwarai.

Mu a Gwarzo da Kabo ba mu da mota irin wannan, amma muna da 'yar'uwarta. Ita ce tsohuwar J5 ko a-kori-kurar da ƙungiya ta haɗa kuɗi ta saya. Ita ke kai masara da wake Dawanau, ta bi ta Rimin Gado da Janguza, ta komo da taki. Ita ke yin yamma zuwa Dayi da Malumfashi. In ciwo ya tashi da dare, ita ce motar asibiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, ba mai son ya juyo da mota ba kaya. Sai direba da yaronsa da wakilan ƙungiya su kwana ɗaya ko biyu a bakin kasuwa suna jiran lodi. A ina suke kwana? A cikin motar. To, motar da ake kwana cikinta ta zama ɗaki, gyaranta kuwa iri biyu ne: na inji da na ɗaki. Mun lura ana ɗan kula da na fari, na biyun kuwa kusan ba mai tunawa da shi, alhali shi ne yake kisa ba ko hayaniya.

Iskar da ake shaƙa a ciki

Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce kuma ke fita daga garwashin gawayi da ƙaramin janareta. Mutum ya shaƙe ta yana barci, ba zai ji kome ba da zai tashe shi. In ya yi sa'a ya farka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ce zazzaɓi ne. In bai yi sa'a ba, sai dai a ɓalle ƙofa da safe. Lokacin hunturu ne abin ya fi haɗari, domin a lokacin ne ake rufe gilasai duka, a jawo kurfoti ciki a ce za a ɗan ji ɗumi. Kada a yi haka ko sau ɗaya. Gara a ƙara bargo. Kada kuma a bar inji yana aiki mutane suna kwance ciki.

Binciken salansa ba ya bukatar bakanike. Da safe, inji yana da sanyi, a tsayar da mota a fili, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya, a tayar da ita. Mutum ɗaya ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, wani ya durƙusa a gefe ya saurara. In akwai ɓula za a ji tana huci, a wurin kuma za a ga baƙin toka. Wannan aikin mai walda ne, kada a ɗaure da gwangwani da waya a ce an gama. Sa'an nan a kwashe kome daga bayan motar a dubi daɓenta da rana. Duk inda haske ya ɓullo daga ƙasa, hayaƙi ma zai ɓullo. A rufe da ƙarfe. Robar ƙofar baya in ta mutu a sake ta. Akwai kuma wata al'ada da muke gani kullum a hanya, watau a cika kaya har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya a buɗe. Iskar da ke bayan mota mai tafiya takan juyo da hayaƙin salansa cikin motar ta wannan ƙofa, mutanen da ke zaune kan buhuna su yi ta shaƙa tun daga Gwarzo har Kano, tafiyar kimanin kilomita 70.

Abu na biyu ya fi shafar mu manoma. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake domin ƙwari, irin su Phostoxin, ba a cikin waken take tsayawa ba. Da ta sha laimar iska sai ta soma sakin iska mai guba, takan kuwa yi kwanaki tana saki. Buhun leda na saƙa ba ya riƙe ta. Wanda ya shimfiɗa tabarma kan irin waɗannan buhuna ya rufe ƙofa, ya mai da kansa ƙwaron wake. Wani lokaci akan ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada a dogara da hanci, kuma guban nan ba shi da makari. Saboda haka kafin a ɗora buhun kowa, magatakardan ƙungiya ya tambaya ko an sa masa ƙwaya, da ranar da aka sa. In akwai shakka, ba mai kwana ciki, ba mai zama baya. Ƙungiyoyin da suka koma amfani da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda iska ba ta shigarsa, sun huta da wannan fargaba, gama ba a sa masa magani sam.

Jarkar fetur, da kwalaben maganin feshi, da tukunyar gas, wurinsu waje ne, ko cikin akwati dabam mai ƙofar iska zuwa waje. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye a ƙasa yake kwanciya, daidai inda kan mai barci yake. Ruwan sabulu ake shafa wa mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa akwai tsiyaya. Ba a gwadawa da ashana.

Ɗaki kuwa sai da taga. A yanka ƙananan ƙofofin iska biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa a gefe dabam, nesa da bakin salansa, a sa musu raga saboda sauro, da 'yar rumfar kwano saboda ruwa. Aikin yini guda ne wurin mai walda.

Yoyo da tsatsa

Kamfanin Peugeot ya ƙera J5 daga 1981 zuwa wajen 1993, watau ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 30. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohon rufi yoyo yake yi. Ɗigon ruwa kaɗan a kan masara ya isa ta yi fumfuna, mai saye a Dawanau kuma hannu ɗaya zai zura ya rage kuɗi. Hanyar gano yoyo mai sauƙi ce. Ɗaya ya shiga ciki da tocila da alli, ɗaya ya hau sama da bokiti yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ya fara daga gefe ya hau. A lura, inda ruwa ke ɗiga ba lalle nan ya shigo ba, yakan bi ƙarfe ya yi tafiya. Yawanci laifin yana wurin kusoshin kariyar da aka ɗora a sama, ko cikin magudanar gefen rufi, ko robar gilashi. In an samu wurin a kankare tsatsa da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin tsatsa, ya bushe, sa'an nan a liƙe. Masu shafa kwalta a kan tsatsa ɓoye ta kurum suke yi, tana nan tana ci a ƙarƙashi.

Abin da ke cinye daɓen motocinmu kuwa taki ne. Yuriya tana jawo laima, in ta zube ta shige lungu sai ta narke ta kama ƙarfe. A shimfiɗa tamfol kafin a yi lodin taki, in an sauke a share a wanke a bar ƙofa buɗe ta bushe.

Game da gado, mun ga masu kafa katako mai nauyi kamar na ɗakin amarya. Ba shi da amfani. Kowane kilo na katako ya rage kilo ɗaya na hatsi. Falanki marar nauyi mai ƙyaure, wanda za a naɗe shi jikin bango da rana, ya isa. Buhun masara kilo 100 ne, goma sun zama tan guda. A jikin kowace mota akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, a neme shi a karanta wa 'yan ƙungiya a taro. J5 da ƙafafun gaba take ja. In aka tara nauyi a can baya sai gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, ta kasa fita daga yashin da babu kaya za ta wuce shi. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya.

Wuta ba tare da kashe batir ba

Yawan tura mota da ake yi da asuba a bakin kasuwa, cajin waya ne da fitila suka jawo shi. Batirin mota an yi shi ne domin ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, ba domin a yi ta tatsarsa dare duka ba. Gyaran da muka fi ba da shawara a kai shi ne a raba su. A sa faifan sola mai wat 100 a rufi, da 'yar na'urar daidaita caji, da batir na biyu wanda ba ya haɗe da na inji. Ga lissafin: ƙwan fitila biyu masu wat 5, in sun yi awa 5, sun ci 50. Waya biyar su ci wajen 70. Faifan nan a ranar ƙasarmu yana iya ba da wajen 400 a yini in an share masa ƙura. Ashe har da ragowa. Abin da ba za a yi wasa da shi ba shi ne fiyus. A sa shi a kan jar waya, kusa da kan batir. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, domin girgizar hanya takan sa ƙarfe ya yanke ta, wuta ta tashi cikin buhuna. Batir a ɗaure shi cikin akwati mai ƙofar iska zuwa waje. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa yana wanke shi sarai, sai dai kada ya shiga cikin ramukan. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Sauran na inji direbobinmu sun san yawancinsa, yi ne ba a yi. Baƙin mai a duba kowace safiya a wuri mai daidai, a sake shi wajen kowace kilomita 5,000 tare da matatarsa, tun da hanyoyinmu na ƙura ne. Matatar iska da hunturu a fitar da ita kowane mako a kakkaɓe, a hura daga ciki zuwa waje, in ta yage a sake. Ƙaiƙayi yakan toshe fuskar lagireto da kaka har mota ta yi ta zafi, a wanke shi daga baya. Ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Man birki kuwa man birki ne kaɗai. Mun ji masu zuba ruwan sabulu su ce ya kai su gida, amma ba kowa yake kaiwa ba. Baƙin mai ma kumbura robobin birki yake yi. In man yana raguwa, akwai inda yake zuba, motar kuwa kada ta tashi sai an gano.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Masu ƙera taya suna cewa in ta shekara 5 a riƙa bincikarta kowace shekara, in ta kai 10 a yar ko da zanenta bai cinye ba. Tayar gwanjo da yawa ta tsufa tun kafin ta iso Kano, zafin kwaltar bazara kuma ba ya raga mata. Iska da safe ake aunawa, har da ta safaya. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak kaɗai, a sa gungumen itace.

Duk wannan ba zai tafi ba sai an ɗora wa mutum ɗaya, domin kayan jama'a kowa yakan zaci wani ya duba. A zaɓi ɗan ƙungiya, ba direban ba, a ba shi littafi. Ya rubuta kowace tafiya, da man da aka sha, da ranar juyen baƙin mai, da abin da aka saya. A kan kowane buhu da motar ta ɗauka a cire wani abu a ajiye domin gyara, kada a taɓa shi don biki ko bashi. Ba domin ana zargin direba ba ne, shi ma littafin kariya ne gare shi ranar da aka tashi lissafi.

Abin da ya shafi cikin inji, da giya, da sitiyari, da buɗe birki, a kai wa bakanike, mai littafin ya tsaya a wurin har a gama. In za a sayo kaya a Ƙofar Ruwa a tafi da tsohon a hannu a gwada, gama J5 iri-iri ce, akwai ta fetur akwai ta gas, kayansu kuma ba ɗaya ba ne. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Agusta zuwa farkon Satumba, an gama jigilar taki, ba a fara ta hatsi ba. Da Oktoba ta kama, motar ba za ta sami yini biyu a tsaye ba sai bayan Janairu.