Walƙiyar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba

Ranar Alhamis 17 ga Agusta 2017, da ƙarfe 1:41 na rana agogon Benin, lokacin da manoman shinkafa na Garou a bakin Kogin Kwara ke haramar sallar azahar, wata girgiza daga sararin samaniya ta ratsa duniya. Ba wanda ya ji ta sai na'urorin LIGO a Amurka. Bayan daƙiƙa 1.7, tauraron ɗan Adam mai suna Fermi ya kama wata walƙiyar hasken gamma daga nahiyar saman da girgizar ta fito.

Hasken gamma ya fi na hoton asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana tare shi, shi ya sa sai daga sama ake kama shi. Taurarin ɗan Adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don leƙen gwajin makaman nukiliya, su suka fara cin karo da irin wannan walƙiya a 1967. A 1993 masana suka raba ta gida biyu: wadda ta wuce daƙiƙa biyu doguwa ce, wadda ba ta kai ba gajera.

Doguwar daga mutuwar ƙatuwar tauraruwa take fitowa. Gajerar ce ta wahalar da mutane, don kafin a juya madubin hangen nesa ta ɓace. Sai a 2005 tauraron ɗan Adam mai suna Swift ya gano inda wata ta tashi, kusa da rukunin tsofaffin taurari da suka daɗe da daina haihuwar sababbi. Daga nan zargi ya ƙara faɗawa kan taurarin nutron, wato ƙwallon da ke saura bayan babbar tauraruwa ta fashe. Faɗin ɗaya kimanin kilomita 20 ne, amma ta fi rana nauyi. Idan biyu suna kewaya juna, a hankali suke matsowa har su yi karo, su feso wuta mai gudu kusan na haske.

Abin da aka gani ke nan a 2017, a rukunin taurari NGC 4993, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130. Bayan awa 11 aka hango hasken tarkacen daga ƙasar Chile. A irin wannan tarkace ne ake ƙera ƙarafa masu nauyi, har da wani kaso na zinariyar da ake sa wa amarya a kunne.

Iyakar daƙiƙa biyun nan dai kada a riƙe ta da ƙarfi, masu ƙirga ne suka shata ta. A Disamba 2021 an ga walƙiyar da ta kai kusan minti guda, amma tarkacenta na karon taurarin nutron ne. A Afrilu 2020 kuma wata gajera ta fito daga tauraruwa guda mai tsananin maganaɗisu, ba tare da wani karo ba.