Guzurin Mafarauta a Ƙasar Dutse

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, mafarautan ƙasar Dutse da maƙwabtanta irin su Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu sukan haɗa ayari da karnukansu su nausa daji, wani lokaci su yi kwana da kwanaki ba su ga kasuwa ba. Da yake zomo ko gafiya ko fakarar da ake fatan kamawa ba su da tabbas, guzurin da ke cikin burgami shi ne abin dogaro, kuma tunda a kafaɗa ake ɗaukarsa, dole a nemi abincin da kuzarinsa ya fi nauyinsa.

Masana abinci suna auna kuzari da ma'aunin da ake kira kalori, kuma namijin da ya wuni yana tafiya da kaya yakan buƙaci fiye da kalori 3,000 a rana. Giram ɗaya na maiƙo yana ba da kalori 9, alhali sitaci da sukari da furotin, wato sinadarin gina jiki, kowannensu 4 kawai yake bayarwa, ruwa kuwa ba ya ba da komai duk da nauyinsa. Wannan lissafi ne ya ɗaukaka gyaɗa da riɗi, waɗanda kusan rabin nauyinsu mai ne, har giram 100 na kowannensu yake kaiwa kimanin kalori 570, yayin da dafaffen rogo bai kai sulusin haka ba. Kantun riɗi, wanda ake soya riɗin a haɗa shi da narkakken sukari a yanka shi gunduwa-gunduwa, ya tara maiƙo mai daɗewa a ciki da zaƙi mai saurin shiga jini, shi ya sa da wuya a sami abin da ya fi shi dacewa da aljihun mafarauci, musamman da yake jihar da Dutse take ciki tana sahun gaba wajen noman riɗi. Ƙuliƙuli kuwa, tunda an matse yawancin mansa kafin a soya, ƙarfinsa ya fi karkata ga furotin.

Dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi har aka kafa tashar bincikensa a garin, yana da kimanin kalori 280 a giram 100, kusan duka daga sukari suke, saboda haka amfaninsa yana fitowa ne a lokacin da aka yi gudu bayan karnuka gwiwa ta yi sanyi. Gumba da garin rogo su ne masu cika ciki idan an yada zango.

Kilishi ne ake yawan ba shi matsayin da ya wuce nasa. Ba shi da nauyi kuma yana jure ajiya, amma gishiri da yajinsa suna tayar da ƙishirwa, sannan ƙoda tana buƙatar ƙarin ruwa kafin ta fitar da ragowar furotin ta fitsari, wanda hakan babbar asara ce a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40, kuma kowace lita ta ruwa kilo guda ce a kafaɗa, ga karnuka su ma suna jiran rabonsu. Ya fi kyau a bar shi sai dare, a kusa da rijiya ko tafki.

Gyaɗar da za a tafi da ita sai an tsince ta, domin ƙwayar da ta yamutse ko ta yi ɗaci tana iya ɗauke da gubar fumfuna da ake kira afulatoksin, wadda take lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.