Oswigo: Garin da Maƙwabci Ke Haƙa wa Maƙwabci Ƙofa

Mu nan, in hunturu ya kama, abin da muke yi bai wuce mu jawo bargo mu hura wuta a tsakar gida ba. To akwai mutanen da nasu hunturun yakan rufe musu ƙofa ruf, har sai an zo da shebur an haƙa. A wannan wata, jama'a masu karatu, labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa muka kawo muku.

Oswigo ƙaramin gari ne a arewacin jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka, a bakin tafkin Ontariyo. Mutanensa ba su wuce 17,000 ba. Tafkin nan shi ne arzikinsu, shi ne kuma wahalarsu. Saboda zurfinsa, da wuya ya daskare gaba ɗaya. In iska mai tsananin sanyi ta taso daga Kanada ta bi ta kan ruwan, sai ta kwashi danshi, tana hawa tudu ta sauke shi a matsayin dusar ƙanƙara. Abin da ke sauka a garin cikin shekara yakan haura mita 3. A guguwar 1966 an auna inci 102 cikin 'yan kwanaki, wato fiye da mita biyu da rabi. A watan Fabrairu na 2007 kuma, ƙauyen Redfil da ke yankin ya sami inci 141 cikin kwana 10. Mai karatu ya dubi tsawon katangar gidansa ya kwatanta.

Hukumar gari ba ta barci. Tana da manyan motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba, suna fita tun cikin dare suna ture ƙanƙara gefen titi, suna watsa gishiri don ta narke. In sanyi ya yi tsanani har gishiri ya kasa, sai a watsa yashi don kada tayoyi su zame. Manyan tituna da hanyar asibiti su ake fara yi, lunguna su biyo baya.

Amma fa motar hukuma titi kaɗai ta sani. Abin da ta ture, a bakin ƙofar mutane take jibge shi, tudu mai tauri kamar busasshen laka. Daga nan zuwa ɗakin mutum, da ɗan titin masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa, a yawancin garuruwan yankin doka ta ɗora wa mai gida. Sau da yawa mutum ya gama haƙa ke nan, bai ko ajiye shebur ba, motar ta sake wucewa ta toshe masa.

Ga mai ƙarfi wannan gajiya ce kawai. Ga tsohuwa mai shekara 80 da ke zaune ita kaɗai, 'ya'ya sun tafi neman abinci wasu birane, magana ce ta rai da mutuwa. In ta ce za ta haƙa da kanta, likitoci sun daɗe suna gargaɗi: ɗaga jiƙaƙƙiyar ƙanƙara cikin sanyi yana matsa wa zuciya, kuma kowace shekara akan sami waɗanda suka faɗi da shebur a hannu. In ta zauna ciki, mai kawo wasiƙa ba zai iso ba, mai kawo mata abinci ko magani ba zai iso ba, motar asibiti ma sai ta tsaya nesa. Akwai wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Injin ɗumama gida yana da bututun da ke fitar da hayaƙi waje. In ƙanƙara ta toshe bakinsa, iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari sai ta koma cikin ɗaki, mutum ya kwanta barci bai tashi ba.

A nan maƙwabci ke shigowa. Wanda ya mallaki injin share ƙanƙara, wanda ake turawa kamar baro yana haɗiya yana fesawa gefe, ba kasafai yake tsayawa a iyakar gidansa ba. Tun da ya riga ya tayar da inji ya sha sanyi, sai ya zarce gaban gida na biyu da na uku. Galibi ba a roƙe shi ba, ba ya kuma ƙwanƙwasa ƙofa don a gode masa. Mai gida ta leƙo ta taga da safe ta tarar an yi mata hanya. Ladan da yake samu a nan duniya bai wuce kofin shayi ko ɗan abin tanda da za a aiko masa ba.

Yara ma da rabonsu. Ranar da ƙanƙara ta yi yawa akan rufe makaranta, abin da mu malamai muka san ba ya ɓata wa ɗalibi rai a ko'ina cikin duniya. Sai ka ga samari da shebur a kafaɗa suna bi gida gida. Wasu na karɓar 'yan kuɗi, wasu iyayensu ne suka tura su gidan tsohon da ke kusa, tare da kashedin kada su karɓi komai.

Akwai aiki ɗaya da muka ga ya fi sauran nuna halin mutanen unguwa, domin ba na kowa ba ne. A bakin titunansu akwai famfunan 'yan kwana-kwana, gajeru, ba su kai ƙugun mutum ba, ƙanƙara kuwa takan binne su ƙurmus. Gobara ta fi tashi a lokacin sanyi, sa'ad da kowa ke ɗumama gida. In ta tashi, mintocin da za a ɓata ana neman famfo ana haƙa sun isa wuta ta ci ɗaki. Shi ya sa 'yan kwana-kwana ke roƙon kowace unguwa ta share kewayen nata, kamar mita guda ta kowane gefe. Ba mu ce kowa na yi ba. Can ma akwai mai tura ƙanƙarar gidansa cikin titi, ko gaban gidan wani, har a kai ga cacar baki. Amma a yawancin lunguna akan sami mutum ɗaya da ya ɗauki famfon nan tamkar nasa, ya fito da asuba ya haƙa, motar hukuma ta binne, da yamma ya sake fitowa.